Arahar Haya a Bayan Gari da Tsadar Hanya a Kaduna

Idan wa'adin haya ya ƙarato, mai gida kuma ya aiko da saƙon cewa bana akwai ƙari, shawarar farko da ɗan haya yake samu daga 'yan'uwa da abokan aiki a Kaduna ita ce ya tattara ya fita bayan gari. Wanda yake Unguwar Dosa ko Badarawa sai a nuna masa Rigachikun, Barakallahu ko Mararrabar Jos. Na Tudun Wada da Unguwar Sanusi a ce ya duba can cikin Rigasa ko Hayin Ɗanmani. Na Barnawa da Narayi kuwa a ambata masa Kamazou, Gonin Gora ko Mararrabar Rido. Hujjar kullum ɗaya ce, kuma akwai gaskiya a cikinta: kuɗin da zai kama wa mutum ciki da falo a tsakiyar gari yana iya kama masa ɗaki biyu ko uku da falo, har da tsakar gidan da yara za su sake, a waɗannan unguwanni. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya koma can yana nan yana biyan kuɗin kusanci da gari, mai karɓa ne kawai ya canza. A da mai gida yake miƙa wa sau ɗaya a shekara, yanzu kuwa direban bas da mai Keke Napep da gidan mai yake miƙa wa kowace safiya da kowane yamma.

A ganina, ɗan haya da yawa da ya fita bayan gari alhali aikinsa da makarantar 'ya'yansa suna cikin gari bai rage kashe kuɗi ba, wani ma ƙarawa ya yi. Amma ba zan ce rashin lissafi ne ya kai shi ba, domin akwai dalili mai ƙarfi da yake tura mutane zuwa zaɓin da ya fi tsada, kuma zan zo kansa. Wanda kuwa ya fita don ya gina nasa, lissafinsa daban ne ɗungurungum, kuskure ne a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Sai an dubi yadda garin ya ginu kafin a gane me ya sa tafiya take cin kuɗi haka. Kaduna gari ne da Turawa suka zana, suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, kuma ya miƙe ne a tsaye daga arewa zuwa kudu yana bin layin dogo da babban titin da yau ake kira Ahmadu Bello Way, kogi kuma ya raba shi biyu. A zamanin da masaƙun Kakuri suke aiki, tun daga buɗe ta farko a 1957, dubban ma'aikata suna zaune ne a Kakuri da Makera da kewaye, da ƙafa ko da keke suke isa bakin aiki. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 2002, ta United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007, abincin da ya rage wa mafi yawan jama'a ya tattaru a wuri kaɗan: sakatariyar jiha da ta tarayya, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, Kasuwar Barci, Panteka, bankuna, Asibitin Barau Dikko, Kwalejin Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Jihar Kaduna. Gidaje kuwa sun yi ta fantsama har garin ya cika ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu, ya malala cikin Igabi da Chikun. Wurin kwana ya yi nisa, wurin nema bai bi shi ba, shi ya sa da safe kowa fuskarsa tana duban wuri ɗaya, da yamma kuma kowa ya juya a lokaci ɗaya.

Akwai kuma abin da mazaunin Kaduna ya sani ko da bai furta ba. Tun rikicin 2000 da na 2002 jama'a suka rarrabu, Musulmi suka fi karkata arewacin kogi, Kirista suka fi karkata kudanci. Wannan rabuwa ta ƙuntata zaɓin mai neman gida, domin mutum yana iya samun gida mai araha daf da wurin aikinsa, amma hankalin iyalinsa bai kwanta da unguwar ba, sai ya tsallake ta ya je ya kama wanda yake da nisan hawa biyu. Abin baƙin ciki ne, kuma kuɗinsa yana fita daga aljihun talaka na kowane ɓangare a kullum.

Mu zo ga lissafin kansa, da alƙaluman misali waɗanda kowa zai iya musanyawa da nasa. A ƙaddara gidan bayan gari ya fi na cikin gari sauƙi da naira 300,000 a shekara, a ƙaddara kuma komawa can ta ƙara wa maigida naira 1,000 a kuɗin motarsa na zuwa da dawowa kowace rana. Idan ɗan kasuwa ne mai fita kwana shida a mako, zai fita kusan kwana 310 a shekara, ƙarin kuɗin motarsa shi kaɗai ya kai naira 310,000, wato ya cinye rarar hayar gaba ɗaya tun ba a ambaci kowa a gidan ba. Idan ma'aikacin jiha ne da yake kan tsarin aikin kwana huɗu a mako, wanda gwamnatin jiha ta fito da shi a Disamba 2021, fitarsa ba za ta wuce kimanin kwana 200 ba, ƙarin ya tsaya a naira 200,000, ya tsira da 100,000. Gida ɗaya ne, hanya ɗaya ce, amma ga wannan riba ce ƙarama, ga wancan faɗuwa ce. Saboda haka babu amsa guda da za a ba kowa, kuma duk wanda ya ce maka wata unguwa ta fi araha ba tare da ya tambaye ka sau nawa kake fita a mako ba, rabin magana ya faɗa maka.

Wannan lissafi bai kasance mai zafi haka ba kafin ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin nan farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ya wuce 1,000 a gidajen mai da dama, kuma ko da ya ɗan sauko daga baya bai koma kusa da inda yake ba. Iyalai da yawa da suke Rigachikun ko Kamazou a yau sun yanke shawarar komawa can ne a lokacin da mai yake da sauƙi, lissafinsu na wancan lokaci daidai ne, ƙasa ce ta zame a ƙarƙashinsu. A nan akwai bambanci tsakanin haya da kuɗin mota wanda ya kamata a riƙe: haya idan ka biya ka huta da ita wata goma sha biyu, ko mai gida yana so ko ba ya so, amma kuɗin mota yana iya tashi tsakanin daren yau da safiyar gobe, babu wanda zai ba ka sanarwa. Mafi ƙarancin albashi da jihar ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Mai karɓar wannan idan yana kashe 1,500 a hanya kwana ashirin a wata, ya ba hanya 30,000 tun bai sayi mudun masara ba.

Nisa a Kaduna kuma ba a auna shi da kilomita. Da yawan hawa ake auna shi. Mutumin da gidansa yake bakin babban titi a Rigachikun, wanda zai shiga bas ɗaya ta sauke shi a kasuwa, ya fi kusa da gari a kan wanda yake lungun ƙarshe na wata sabuwar unguwa da taswira za ta nuna ta fi kusa, amma sai ya hau acaɓa zuwa bakin kwalta, ya shiga Keke Napep zuwa mahaɗa, sannan ya nemi bas. Kowane hawa yana da mafi ƙarancin kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi komai gajartar tafiyar, kowane kuma yana da nasa jira. Sau da yawa ɗan guntun nan na farko, daga ƙofar gida zuwa kwalta, shi ne mafi tsada idan aka kwatanta da tsawonsa, kuma shi ne dillali ba ya so a yi zancensa. Za ka ji yana cewa, "Alhaji, ai nan da titi ba komai, minti biyar ne, kuma an ce bana za a zuba kwalta." Minti biyar ɗin na rani ne, a kan babur, da rana tsaka.

Wanda yake son ganin gaskiyar unguwa ya je mata a watan Agusta, da ƙarfe shida da rabi na safe, bayan an kwana ana ruwa. Zai ga magidanci ya fito da takalmin ofis a cikin leda, silifa a ƙafa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana bin gefen katangu yana taka bulon da maƙwabta suka jera a cikin taɓo, ɗiyarsa 'yar firamare a kafaɗa don kada kayan makarantarta su ɓaci. 'Yan acaɓa ranar ba sa shiga lungun, wanda ya yarda ya shiga kuma ya ninka kuɗi. Idan ya kai bakin titi sai ya sayi ruwan leda ya wanke ƙafa, ya sa takalmi, ya shiga sahun masu jiran bas da take zuwa a cike tun daga sama. Mutumin nan bai yi ƙarya ba idan ya ce hayarsa tana da sauƙi, sai dai wannan safiyar ba ta shiga takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a lissafa tafiyar maigida kawai, kamar shi kaɗai ne mai ƙafa a gidan. Yara suna zuwa makaranta, kuma idan an bar su a tsohuwar makarantarsu ta cikin gari saboda an san ingancinta, kuɗin motarsu yana iya zarce na uban. Idan an canza musu, to sai a dubi abin da yake kusa, wanda a sababbin unguwanni yawanci makarantun kuɗi ne, ta gwamnati kuwa ko babu ko ta cika maƙil. Uwargida da take sayar da abinci, ko ɗinki, ko kitso, ko kayan mata a cikin gida, jarinta na gaskiya maƙwabta ne da suka san ta shekara da shekaru. Ranar da aka ɗauke ta aka kai ta unguwar da gidaje suke tsilli-tsilli tsakanin kangaye, an rufe mata shago ke nan ko da ba a faɗa ba. Na sha jin mata suna faɗin wannan da bakinsu, cewa gidan ya fi faɗi amma hannunsu ya bushe. Ga awon ciki, ga rigakafin yara, ga biki da suna da dubiya da ta'aziyya, waɗanda a wurinmu ba abin da za a ce an soke ba ne don mota ta yi tsada. Wanda yake Tudun Wada yana taka ƙafa ya gaida mahaifiyarsa bayan sallar isha'i. Idan ya koma Mararrabar Jos, gaisuwar ta zama tafiyar da ake ware wa rana da kuɗi, a hankali kuma ta koma ta waya.

Maganar asibiti ta cancanci a tsaya a kanta. Ciwo da naƙuda ba sa duban agogo. Iyalin da suke kusa da Asibitin Yusuf Ɗantsoho, ko na Kawo, ko na Gwamna Awan a Kakuri, ko da tsakar dare ne za su samu maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep ya kai su cikin 'yan mintuna. A unguwar da ba ta gama cika ba, ƙarfe biyun dare ba abin hawa, wanda yake da mota ma yana tunanin fitowa, ga ramuka, ga shingen 'yan sintiri. Wannan ba abu ne da yake faruwa kullum ba, shi ya sa ba ya shiga lissafi, amma ranar da ya faru ya fi duk rarar haya nauyi. Gidan da yake da mai juna biyu, ko tsoho mai hawan jini, ko yaro mai sikila, ya kamata wannan ya zama tambayarsa ta farko kafin adadin ɗakuna.

Ruwa da wuta ma suna da nasu kaso. Famfon gwamnati a cikin gari ba kullum yake kawowa ba, kowa ya sani, amma a yawancin sababbin unguwanni ko bututun ba a shimfiɗa ba, sai rijiya, sai burtsatsen maƙwabci, sai kurar mai ruwa. Wuta kuma sau da yawa jama'ar unguwa ne suke karo-karo su sayi turaku da waya, wani lokaci har tiransifoma, kuma ɗan haya ba ya tsira daga wannan karo-karo ko da gidan ba nasa ba ne. A ƙara da kuɗin sintiri na wata-wata da na cike ramukan hanya idan damina ta wuce. Gaskiya ne akwai abubuwan da suka fi sauƙi a can: itace da gawayi, kayan miya a kasuwannin ƙauye, filin da za a ɗaure akuya biyu ko a shuka kuɓewa da alayyafo a bayan ɗaki, ga iska da sarari da rashin hayaniya. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, musamman ga wanda ya gaji da gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya, kuma ba na raina wanda ya ce don su kaɗai ya tashi.

Lokaci shi ne kuɗin da ba a ba da rasiti a kansa. Idan komawa bayan gari ta ƙara wa mutum awa ɗaya a zuwa, awa ɗaya a dawowa, kuma yana fita kwana 300 a shekara, ya ba hanya awa 600, wato kwana 25 cur, dare da rana. Ga mai albashi wannan gajiya ce da rashin ganin 'ya'ya, domin yana fita suna barci ko suna shirin makaranta, ya dawo bayan isha'i sun yi barci. Ga mai sana'ar hannu da ɗan kasuwa kuwa kuɗi ne tsagwaronsa, saboda dole ya rufe shago da wuri don ya samu mota kafin duhu, alhali cinikin yamma, lokacin da ma'aikata suka taso, shi ne mai auki. Tela a makon sallah, ko bakanike da aka kawo wa mota ƙarfe biyar, ya san abin da nake nufi.

Dalilin gudun duhun nan kuwa sananne ne. A 2021 an sace ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris, aka sace na Jami'ar Greenfield da ke hanyar Abuja a Afrilu, na makarantar Bethel Baptist a yankin Mararrabar Rido a Yuli, aka kuma kai hari Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Agusta. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Dukkan waɗannan a gefen gari suka faru ko a hanyoyin shigowarsa, kuma a shekarun an ga iyalai sun bar gidajen da suka gina da guminsu sun dawo haya cikin gari. Al'amura sun yi sauƙi a wurare da dama daga baya, muna kuma roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya, amma darasin da ya shafi mai neman gida yana nan: a unguwa ɗaya ma gidan da yake tsakiyar jama'a da gidan da bayansa daji ne ba ɗaya suke ba, kuma idan ka ga gida mai kyau an karya kuɗinsa fiye da na maƙwabtansa, akwai abin da ya kamata ka tambayi mai unguwa da limamin masallacin layin, ba dillali ba. Haka ma gidan da yake kwari kusa da kogi ko rafi, wanda araharsa takan bayyana dalilinta a watan Satumba.

To, idan abin haka yake, me ya sa mutane suke ci gaba da fita? A nan ne nake ganin masu sukar talaka da rashin lissafi ba su yi masa adalci ba. Haya a Kaduna dunƙule ake biyan ta, shekara guda a gaba, sabon shiga kuma ya ƙara da la'adar dillali wadda bisa al'ada kashi goma cikin ɗari ce, wani wurin da kuɗin yarjejeniya da na ajiya saboda ɓarna. Mutumin da abin da yake samu kullum-kullum ne, ko albashin da yake ƙarewa kafin ashirin ga wata, yana iya fitar da dubu ɗaya da ɗari biyar kowace safiya, amma ba zai iya tara dubu ɗari bakwai ya ajiye a gaban mai gida rana ɗaya ba. Ya san sarai cewa a ƙarshen shekara abin da ya ba hanya ya kai ko ya fi bambancin hayar, sai dai hanya tana karɓa da kaɗan-kaɗan, mai gida kuwa ba ya karɓa sai a dunƙule. Saboda haka abin da yake saya da fitarsa bayan gari shi ne damar biya a hankali, kuma yana sayenta da tsada. Wannan ne ya sa mai hali, wanda zai iya biyan shekara a Unguwar Rimi ya taka zuwa ofis cikin minti goma, a ƙarshe yake kashe kaso mafi ƙanƙanta na samunsa a kan zama da zirga-zirga fiye da masinjan ofishinsa.

Mai ginin kansa labarinsa daban ne. Wanda ya sayi fuloti a Danbushiya, ko bayan Rigasa, ko Barakallahu, ya yi ɗaki biyu ya rufa ya shiga yana ƙarasawa a hankali, shi ma yana shan wahalar hanya, amma kuɗin hayar da ya daina biya yana komawa cikin bulo da kwano da suke nasa. Ya tsira daga saƙon ƙari da na tashi, ya kuma samu abin da zai bar wa magada. Tarihin garin ma yana bayansa, domin unguwanni da yawa da yau ake kira cikin gari a da gonaki ne da ake yi wa masu sayensu kallon waɗanda suka shiga daji. Tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a Rigasa a 2016 ta ɗaga darajar filayen da suke kewaye da ita, titin Yakowa ya buɗe yankin Karji da Janruwa da Kamazou, gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa da sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a Janairu 2022 sun rage wa masu tsallakawa wahala. Duk inda kwalta ta isa, fili ya tashi. Amma a lura da wanda yake cin wannan riba: mai fili ne. Ɗan haya a unguwar, ranar da aka gama titin da ya yi shekaru yana addu'ar a yi, ranar ce mai gida zai aiko masa da ƙari, ya sake tattarawa ya matsa gaba inda kwaltar ba ta kai ba.

Ko mai ginin ma ba a ce ya rufe ido ba. Siminti ya haura naira 10,000 a buhu a wurare da dama a farkon 2024, kangaye da yawa da suka tsaya a linta shaida ne cewa fara gini da gama shi ba abu ɗaya ba ne, kuma mafi munin hali shi ne na wanda yake biyan haya a gari, kuɗinsa kuma suna kwance a kangon da bai rufu ba. Sannan takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, duk da amfaninta, ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Kafin a biya kuɗin fili ya wajaba a bincika matsayinsa a KADGIS, hukumar jiha mai kula da rajistar filaye, kafin a sa harsashi kuma a nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, domin garin nan ya ga rusau, ya kuma ga fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku.

Akwai waɗanda fita bayan gari take yi wa daidai ko da haya ce. Malamin makaranta da zai samu aiki a unguwar, mai kemis, mai shagon kayan masarufi, birkila da kafinta da mai walda waɗanda aikinsu yana inda ake sababbin gine-gine, ɗan fansho da ba ya fita kullum, da matashin da aikinsa a kwamfuta yake idan ya samu sola da intanet mai ƙarfi, duk waɗannan sun ɗauki abincinsu sun tafi da shi. Haka wanda aikinsa dama a gefen gari yake, kamar ma'aikacin matatar mai da ke zaune a Kamazou ko mai aiki a filin jirgin sama da ke zaune a Mando. Motocin bas masu amfani da iskar gas guda 100 da gwamnatin jiha ta fito da su a 2025 sun sauƙaƙa wa waɗanda suke kan manyan tituna, kuma irin wannan ne abin da zai iya gyara lissafin jama'a da yawa a lokaci ɗaya idan ya ɗore, sai dai babbar bas ba ta shiga lungu, guntun farko na acaɓa yana nan a wuyan mai shi.

Ga wanda aikinsa da makarantar yaransa da sana'ar matarsa duk suna cikin gari, akwai matakan tsakiya da ake tsallakewa saboda zafin saƙon ƙari. Unguwanni irin su Kurmin Mashi, Badiko, Unguwar Shanu, Hayin Banki, Kabala West ko Nasarawa ba su da faɗin gidajen bayan gari, amma hawa ɗaya ne zuwa mafi yawan wuraren nema, kuma rage ɗaki ɗaya a irinsu yakan fi ƙara hawa biyu sauƙi. Tashin ma kansa kuɗi ne: sabuwar la'ada, motar kwasar kaya, fenti, gyaran ƙofa da famfo, sabon rajista da kayan makarantar yara, waɗanda idan aka haɗa su sukan kai ƙarin da ake gudu na shekarar farko. Tunda kuma asalin matsalar dunƙulen biya ne, ya dace a fara da ita. Masu gidaje da dama sun fi son ɗan hayar da suka sani, mai biya ba rigima, a kan gida ya zauna wata uku a rufe ana jiran baƙo, kuma wasunsu sukan yarda a raba kuɗin biyu ko uku idan an je musu da wuri, watanni kafin wa'adi, tare da dattijon da suke jin nauyinsa. Adashin da aka ɗora kwasarsa a kan watan haya, ko ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki da take ba da rance ana cira a albashi, suna mai da dunƙulen ya zama na wata-wata ba tare da an ƙaura ba. Idan duk wannan bai yiwu ba, tashin ya zama dole, to kafin a ba dillali kafin alƙalami sai maigida ya je ya kwana a unguwar wurin wani da ya sani, a ranar aiki, ya fito da safe a lokacin da zai riƙa fita, ya biya kuɗin kowane hawa da hannunsa har bakin aikinsa, ya dawo da yamma, sannan ya zauna da uwargida su ninka abin da ya kashe da yawan masu fita a gidan.